Rediyon Karkara a Magarya da Dungas: Wa Ke Biya, Wa Ke Magana?

A cikin ƙasa da shekara biyu, wato daga watan Agusta na 2023 zuwa watan Maris na 2025, mai sauraren rediyo a kudancin Jamhuriyar Nijar ya ga abin da bai saba gani ba. Mako guda bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, 2023, hukumomin soja suka dakatar da Rediyon Faransa, wato RFI, daga tashoshin FM na cikin ƙasar. A watan Disamba na 2024 aka dakatar da BBC na tsawon wata uku. Ba a gama mayar da numfashi ba, sai ga Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru a watan Maris na 2025, a wannan karon bisa umurnin gwamnatin Amurka da kanta. Waɗannan muryoyi ne da manomi da makiyayi da ɗan kasuwa suka daɗe suna karin kumallo da su.

Abin tambaya a nan shi ne, idan manyan suka ja da baya, wa ya rage wa talakan ƙauye? Amsar ita ce ƙananan gidajen rediyon nan da ake kira rediyon karkara ko rediyon al'umma, waɗanda yawancinsu ɗaki biyu ne da dogon ƙarfe guda da 'yan farantan hasken rana a kan rufi. Yawansu a Nijar ya kai kusan 200. To amma wanda ya bi tarihinsu zai ga cewa sun sha sauya kama, kuma duk sauyin da suka yi, idan aka bi sawunsa, a wurin mai ba da kuɗi yake ƙarewa. Wannan shi ne abin da ya kamata mutanen Magarya da Dungas su zauna su duba, domin kusan babu inda lamarin ya fi shafa kamar yankinsu.

Ga wanda bai san wurin ba, Magarya tana kudu da birnin Damagaram da tazarar kilomita 90 ko kusa da haka. Dungas kuwa a ƙarƙashin Magarya take har zuwa 2011, lokacin da aka ba ta gundumarta. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutum fiye da dubu 570, Dungas kuma fiye da dubu 350, a yanki ɗaya daga cikin mafiya cunkoson jama'a a duk faɗin ƙasar. Garuruwa irin su Bande, Waca, Kwaya, Yekuwa, Sasumburum, Dogo-Dogo, Guci da Malawa duk a nan suke. Daga kudu kuma jihohin Jigawa da Katsina ne: Baɓura, Maigatari, Baure da Zango. Naira na yawo a kasuwanninsu tare da sefa, ranar Alhamis kuma dabbobinsu na kwarara zuwa kasuwar Maigatari. Auratayya, fatauci, karatun allo da cuta duk suna ƙetare wannan iyaka ba tare da sun nemi takarda ba. Labari ma haka yake ƙetarawa, na gaskiya da na ƙarya.

Zangon farko na tarihin rediyo a wannan yanki zango ne na murya guda. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai, kuma tun daga nan har fiye da shekara talatin gwamnati ce kaɗai ke da ikon magana a iska. Sai dai a ba mai haƙƙi haƙƙinsa, Nijar ta yi wata dabara da ƙasashe da yawa suka yi koyi da ita. A 1962, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo. Yadda abin yake shi ne, da dare sai mutanen gari su taru a gaban akwatin rediyo guda, su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya ko haraji, sannan wani jagora, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya buɗe muhawara ya ɗauki muryoyinsu a faifai, a aika Yamai, a tace, a saka a shiri na gaba. A karon farko ke nan da baƙauye ya ji muryar ɗan'uwansa baƙauye tana fitowa daga akwati. Amma Yamai ce ke zaɓen batun da za a tattauna, ita ce kuma ke zaɓen amsar da za a saka.

Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, gidan ya koma Muryar Sahel, aka ƙara ba harsunan gida fili, aka yi ta wasannin kwaikwayo da waƙoƙin samariya da kiraye-kirayen aikin gayya. Duk da haka, mutumin Magarya da ke son jin abin da gwamnati ba ta so a faɗa, sai ya murɗa akwatinsa zuwa gajeren zango. Can yake samun BBC da ta fara Hausa a 1957, da Muryar Jamus da ta fara a 1963, da Muryar Amurka da ta biyo baya a 1979. Fiye da su duka kuma akwai Rediyon Kaduna, wanda ya cika dare da kiɗan su Shata da Ɗankwairo da Ɗanmaraya, kuma 'yan zaɓi-sonka daga garuruwan Nijar ba su bar wa na Najeriya filin gaishe-gaishe su kaɗai ba. Ma'ana, tun kafin a kafa ƙarfe ko guda a yankin, kunnen mutanensa ya riga ya goge, ya san bambancin sanarwar hukuma da labari.

Taron Ƙasa na 1991 shi ya buɗe ƙofa. A 1994 gidan rediyo mai zaman kansa na farko, R&M, ya fara aiki a Yamai, Anfani ta Alhaji Grema Bukar ta biyo baya, daga bisani ta buɗe rassa a manyan birane, har da Damagaram. Waɗannan gidaje sun kawo sabon salo na muhawarar siyasa da Hausa da jin ta bakin 'yan adawa, sun kuma biya farashinsa: sojoji sun rufe Anfani a 1996 lokacin rikicin zaɓen Janar Ba'are, aka kuma farfasa mata kayan aiki a 1997. Amma rediyon kasuwa inda talla take nan yake zama, talla kuwa a birni take. Ƙauyukan da ke nesa da birni sun ci gaba da zama 'yan kallo.

Zango na biyu ya fara ne a 1999 a wani ƙaramin gari da ake kira Bankilare, can yammacin ƙasar a jihar Tilaberi. A nan aka kafa rediyon karkara na farko mai aiki da hasken rana, da haɗin gwiwar cibiyar nazarin yanayi ta Afirka da ke Yamai, wato ACMAD, da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da wasu ƙungiyoyin Turai. Na'urar watsa shirin ba ta fi a saka ta cikin akwatin tafiya ba, muryarta kuma ba ta wuce kilomita 20 zuwa 30. An raba wa ƙungiyoyin mata akwatunan rediyo da ba su buƙatar batir, ana yi musu wani kamar agogo. Burin shirin, wanda aka sa wa suna RURANET, shi ne a kafa irin waɗannan tashoshi 160 a faɗin ƙasa. Cikin 'yan shekaru abin ya bazu zuwa jihohi duka, kuma da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, kowane magajin gari ya so a ce garinsa ma na da nasa.

Tsarin shirye-shiryen wannan zango kowa ya san shi. A buɗe tasha da karatun Alƙur'ani, a yi 'yan sa'o'i da safe, a rufe, a dawo da yamma har batir ya yi sanyi. A tsakani akwai filin noma da kiwo, filin mata, filin lafiya, farashin gero da wake a kasuwanni, hasashen damina, da tatsuniya ga yara. Ƙa'idar da aka ba su lasisi a kanta ta ce ba na neman riba ba ne, ba kuma na wata jam'iyya ba, kwamitin da jama'ar gari suka zaɓa ne zai riƙa tafiyar da su. Ma'aikatan kuwa 'yan sa kai ne: malamin makaranta, ungozoma, matashin da ya bar karatu, wani lokaci har da maroƙin gari.

Babu mai musun amfanin da aka samu. Idan mai karatu bai manta ba, a 2003 aka dakatar da allurar shan-inna a Kano bisa zargin da aka yi ta yaɗawa a kanta, ba a dawo da ita ba sai a watan Yuli na 2004, kuma jita-jitar ba ta tsaya a Baɓura ta ce nan ne iyaka ba. Abin da ke iya karya irin wannan magana shi ne a ji limamin gari ko sarkin gari da muryarsa yana cewa ga 'ya'yansa an ɗiga musu. Haka nan a yunwar 2005, shekarar da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara aiki a Magarya, uwar da ke ƙauye na buƙatar wanda zai gaya mata da harshenta cewa kumburin ƙafar yaro alamar tamowa ce, kuma ga ranar da ake awo a wuri kaza. Wannan aiki ne da babu wata tasha ta London ko Yamai da za ta iya yin sa.

Sai dai Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Kusan komai na waɗannan tashoshi, daga na'ura zuwa batir zuwa ɗan abin da ake ba ma'aikaci na sabulu, daga aljihun wani shiri na ƙungiyar waje yake fitowa, shirin kuma yana da ranar ƙarewa. Idan ƙungiyar da ta zo ta tsarin iyali ce, mako ya cika da zancen tazarar haihuwa. Idan ta tafi wata ta zo da batun wanke hannu, sai kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Ranar da tsawa ta ƙona na'ura, ko batir ya mutu bayan shekara uku ko huɗu, tasha kan yi watanni a rufe ana jiran mai gyara daga Damagaram ko Yamai. Matashin da aka kashe kuɗi aka horar, da zarar ya ƙware sai ya nemi gidan rediyon birni, ko ya tafi ci-rani Kano ko Libiya ko Aljeriya, a sake sabon lale.

Wannan ne ya haifar da zango na uku, wanda za a iya kira zangon neman na cefane. Wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, kafin shekara goma ta kai ƙauyuka, sai tashoshin suka gano cewa abin da jama'a za su biya da kuɗinsu shi ne su ji sunansu. Daga nan filayen gaishe-gaishe suka faɗaɗa, aka kafa ƙungiyoyin masu saurare da katin gaisuwa, sanarwar aure da suna da rasuwa da cigiyar akuya ko raƙumi suka zama abin dogaro. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin shi ne kuɗi na farko da ya fito daga hannun masu sauraren kansu, kuma cigiyar yaron da ya ɓata ranar kasuwa ta fi wa uwarsa kowane labarin duniya.

Amma a wannan ƙofa wasu baƙi suka shigo. Mai maganin gargajiya da zai sayi rabin sa'a ya ce garinsa na warkar da ciwon suga da hawan jini da shawara da basir a lokaci guda. Mai wa'azin da ya fi abokin hamayyarsa kuɗi, ya sayi fili ya yi ta sakin habaici. Ɗan siyasar da ya saya wa tasha batir a shekarar zaɓe, ba tare da ya ce komai ba, saboda ya san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A yankin da a damunar 2018 MSF ta ce yara fiye da 700 ne kwance a asibitin Magarya a lokaci guda, kuma ana rasa kimanin goma kowace rana, tallar da za ta sa uwa ta ƙara kwana uku a gida tana jiƙa saiwa magana ce ta rai da mutuwa.

Zango na huɗu ya zo ne tare da na uku, wato zangon karɓo shiri daga nesa a saka. Da kuɗin Amurka ƙungiyar Equal Access ta riƙa shirya Gwadaben Matasa da Hantsi Leƙa Gidan Kowa tana raba wa tashoshin karkara. A 2016 kuma Studio Kalangou, na gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwizalan, ya fara aiko da labarai kullum daga Yamai cikin Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Shirye-shirye ne masu inganci, sun kawo wa ƙananan tashoshi labaran ƙasa da ba su da halin nemowa, tare da horo da kayan aiki da ɗan kuɗin fili. Illar kawai ita ce, tasha na iya wayar gari ta zama bututu: sa'o'in da aka fi saurare na Yamai ne, abin da ya rage na gida kuma gaisuwa ce da talla. Rikicin burtali tsakanin manomi da makiyayi a Guci, ko tsadar takin zamani a Waca, ko rijiyar da ta lalace a Dogo-Dogo, babu mai kawo su daga Yamai.

Misali guda ya isa ya nuna abin da ake hasara. Daga farkon Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu a gundumar Dungas suke. A daidai wannan lokaci cutar ta yi ƙamari a Jihar Jigawa, wadda ta ɗauki kaso mafi yawa na waɗanda suka kamu a Najeriya. Annoba guda ce a tsakanin dangi guda, amma ma'aikatun lafiya biyu ne, harsunan aiki biyu, sanarwa biyu. Abin da ke iya haɗa su cikin sa'a guda shi ne ƙaramar tashar da ake ji a ɓangarorin iyaka biyu, wadda za ta ce ga alamomin cutar, ga ƙauyen da masu allura za su sauka gobe. In tashar na rufe saboda batir, ko filin ya tafi ga mai tallar magani, jita-jita ce za ta yi aikin.

Halin da aka shiga bayan 2023 ya ƙara matse su ta kowane ɓangare. Takunkumin ECOWAS ya rufe iyaka daga ƙarshen Yuli na 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024, kuma 'yan kasuwar da ke biyan kuɗin sanarwa su ne suka fi jin jiki. Ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafinsu. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, su kuwa waɗannan majalisu, duk da rauninsu, su ne mafi kusa da tashoshin. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta wargaza hukumar USAID, wadda ta daɗe tana zuba kuɗi a shirye-shiryen rediyo a yankin Sahel. Bugu da ƙari, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a watan Yuni na 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ga zai iya tada hankalin jama'a. Ɗan sa kai da ba shi da albashi, balle lauya, ba sai an ce masa ya yi hattara ba. Da kansa zai bar zancen rijiya ya saka waƙa.

Wasu za su ce zamanin rediyo ya wuce, tunda ga WhatsApp da Facebook da TikTok a hannun matasa. Gaskiya ne saƙon murya na WhatsApp ya zama wani irin rediyo, har ya fi shi sauri. Amma wayar zamani da kuɗin intanet sun fi yawa a hannun maza da matasa da mutanen gari, alhali matar da ke surfe a tsakar gida ƙaramar waya ko akwatin rediyo take da shi. Sannan saƙon WhatsApp ba shi da uba: ba a san wanda ya fara shi ba, ba kuma wanda za a je a tuhuma. Mai gabatar da shiri a Magarya kuwa an san gidansu, in ya yi ƙarya gobe za a tare shi a masallaci ko a kasuwa. Wannan sanayya ita ce jarin rediyon karkara, kuma ita ce ake ɓarnatarwa duk ranar da aka sayar da fili ga wanda bai cancanta ba.

Ya kamata 'yan Najeriya ma su ɗauki darasi. Sai a 2015 gwamnatin tarayya ta ba da lasisin farko na rediyon al'umma, guda 17 kacal, lokacin da Nijar ta riga ta haura ɗari. Nijar ta riga mu nisa a wannan fage, kuma tuntuɓen da ta yi ya nuna cewa kafa tasha shi ne mai sauƙi, riƙe ta shi ne aiki.

Mafita ba ta da wani sirri. Na farko, masu saurare su ɗauki nauyin wani kaso na tashar a fili kuma a rubuce: ƙungiyoyin manoma, na mata masu adashi, na dillalan dabbobi, da 'yan asalin yankin mazauna Damagaram, Yamai da Kano, kowa da abin da zai riƙa bayarwa a shekara, ko da tiyar gero ce bayan girbi, a kuma riƙa karanta lissafin shiga da fita a iska. Na biyu, ƙananan hukumomi su sa kuɗin batir da gyaran na'ura a kasafinsu a matsayin haƙƙin jama'a, kamar rijiya da ɗakin shan magani, yadda ba zai zama alherin wani mai mulki da zai iya janyewa ba. Na uku, tashoshin yankin su haɗu su yi wa kansu ƙa'ida guda a kan tallar magani da filayen wa'azi, domin in ɗaya ta ƙi ɗaya ta karɓa, an yi ba a yi ba. Na huɗu, duk ƙungiyar da ta zo da shirinta a sa mata sharaɗin ta biya kuɗin wani shiri na gida. Abin faɗa kuwa ba ya ƙarewa: manoman Magarya da Matamaye da Mirya ne suka mayar da gonakinsu dajin gawo ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa, har masana daga ƙasashen duniya ke zuwa kallo. Ilmin da ke kan waɗannan dattawa ya isa shiri na shekara guda.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. In har da gaske ake, to ƙananan tashoshin nan su ne suka riƙe wannan harshe a iska shekara da shekaru ba tare da albashi ba, kuma su ya kamata a fara tunawa da su, da kuɗin aiki da kuma sakin mara su faɗi abin da ke damun garuruwansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamnati ta yi zamaninta a kan wannan akwati, ƙungiyoyin waje sun yi nasu, masu talla ma sun yi. Saura mutanen Magarya da Dungas su karɓi abinsu, tun kafin wani ya sake saye shi. Allah Ya sa a gane.